A Yi Doka Kan Yardar Mai Ba Da Gudummawar Siyasa Tun Kafin A Fara Cire Mana Kuɗi Ta Waya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana kan wani al'amari da bai riga ya zama abin muhawara a nan arewacin Kamaru ba, amma alamu sun nuna yana tafe. Al'amarin shi ne gudummawar siyasa da ake cirewa kai tsaye daga asusun mutum duk mako ko duk wata, da kuma tambayar da ke rataye da ita, wato yaushe ne za a iya cewa mai kuɗin ya yarda. Abin da nake gani shi ne ya kamata majalisar dokokinmu da ke Yawunde, tare da hukumomin da ke sa ido kan harkar biyan kuɗi a yankinmu, su amsa wannan tambaya a rubuce tun yanzu, kafin wata jam'iyya ta saba da irin wannan kuɗi har ta ga dalilin tsaya masa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Amurka. A watan Afrilun 2021 jaridar New York Times ta wallafa wani bincike kan yadda kwamitin yaƙin neman zaɓen Donald Trump ya tara kuɗi a 2020 ta shafin WinRed, wanda 'yan jam'iyyar Republican ke karɓar gudummawa da shi. Mutum zai shiga da niyyar bayarwa sau ɗaya, ya rubuta adadi, ya sa lambar katinsa na banki, ya danna. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne wani ɗan gurbi da aka riga aka sa wa alamar amincewa, wanda ke cewa a ci gaba da cire wannan adadi. Da farko duk wata ne, daga watan Satumba kuma, da zaɓe ya matso, aka mayar da shi duk mako, akwai kuma gurbi na biyu, shi ma da alamarsa, domin cire wani kuɗi na daban a wata rana da aka tsayar. Bayanin da ke nuna cewa za a riƙa maimaita cirar an tura shi can ƙasa cikin ƙananan haruffa, bayan layuka masu manyan baƙaƙe na zuga da kirari. Wanda bai cire alamar da hannunsa ba, an ɗauka ya yarda.

Binciken ya kawo labarin wani dattijo ɗan shekara 63 a birnin Kansas, mai jinyar ciwon daji, wanda abin da ke shigo masa a wata bai kai dalar Amurka 1,000 ba. Ya ba da dala 500 a zatonsa sau ɗaya ne, amma kafin kwana 30 su cika an kwashe dala 3,000 daga asusunsa, har kuɗin hayar gidansa da na wuta suka kasa biyuwa. Ba shi kaɗai ba ne. A shekarar 2020 kwamitin Trump da uwar jam'iyyarsa sun mayar wa masu bayarwa ta intanet fiye da dala miliyan 122, wato kashi 10.7 cikin 100 na abin da suka tara ta WinRed, alhali ɓangaren Joe Biden ya mayar da kashi 2.2 cikin 100 na abin da ya tara ta ActBlue, shafin da 'yan jam'iyyar Democrat ke amfani da shi. Wani zai ce ai an mayar, magana ta ƙare. A ganina ba ta ƙare ba, domin kuɗin sun yi aiki a makonnin da aka fi bukatarsu kafin zaɓen 3 ga Nuwamba, sannan aka mayar da su daga baya, wato rance ne marar ruwa da aka karɓa daga hannun mutanen da ba su san sun ba da rance ba. Waɗanda ba su duba takardar bankinsu ba, ko suka ji kunyar yin ƙorafi a kan ɗan takarar da suke ƙauna, babu wanda ya mayar musu da komai.

Adalci ya sa in faɗa cewa wasu kwamitocin jam'iyyar Democrat su ma sun yi amfani da irin wannan gurbi, don haka maganar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Hujjar hakan kuwa ita ce a ranar 6 ga Mayun 2021 hukumar zaɓe ta tarayyar Amurka, FEC, wadda kwamishinoninta shida suka saba rabuwa gida biyu kan kusan kowace magana mai nauyi, ta kaɗa ƙuri'a baki ɗaya tana ba majalisa shawarar ta haramta wannan dabara. A cikin watan ne kuma Sanata Amy Klobuchar da Sanata Dick Durbin suka gabatar da ƙudurin da ake kira RECUR, wanda ke neman kada a maimaita cirar gudummawa sai mai kuɗin ya amince da kansa. Ƙudurin bai zama doka ba a wancan zama na majalisar, kuma ban yi mamaki ba, tunda waɗanda ake nema su ɗaga hannu su ne masu cin gajiyar abin. Jihohi ne suka motsa. Manyan lauyoyin gwamnati na New York da Minnesota da Maryland da Connecticut sun buɗe bincike, jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2022, wadda ta fara aiki a farkon 2023, da ke cewa barin alamar da aka riga aka sa ba yarda ba ce, cewa a ba mai bayarwa rasit tare da bayanin yadda zai dakatar, kuma a dakatar nan take idan ya nema. Turawa sun riga su a wannan fage ta wata ƙofar, domin dokar kare masu saye ta Tarayyar Turai ta 2011 ta hana caje mutum ƙarin kuɗi ta irin wannan gurbi, kotun Tarayyar Turai kuma ta yanke hukunci a watan Oktoban 2019 cewa alamar da wani ya sa maka ba ta zama amincewarka.

Malam Edita, na san wani mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Garwa ko Marwa da katin bankin Ba'amurke. Ruwanmu shi ne hanyar da ake bi a tara irin wannan kuɗi ta riga ta shigo aljihunmu. Tun wajen 2010 da 2011 da MTN Mobile Money da Orange Money suka fara aiki a ƙasar nan, tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare, har gwamnati ta ga ya isa a sa masa harajin kashi 0.2 cikin 100 daga watan Janairun 2022. 'Yan siyasa ma sun gano hanyar. Ɗan takarar shugaban ƙasa sai ya ajiye sefa miliyan 30 kafin a karɓi takardunsa, kuma a zaɓen 2018 ɗan takarar adawa Cabral Libii ya nemi jama'a su haɗa masa wannan kuɗi. Wanda ya ga mutane suna turo masa sefa 500 da 1,000 sau ɗaya, ba zai daɗe ba zai fara tunanin yadda za su riƙa turowa ba tare da ya sake roƙo ba. Abin da ke kare mu a yau shi ne a mafi yawan lokuta kuɗi ba ya fita daga asusun waya sai mutum ya danna lambar sirrinsa, amma wannan tsarin kamfani ne, kamfani kuwa yana iya sauya tsarinsa ranar da ya ga riba.

Mun kuma riga mun san ɗanɗanon cirar da ba a nema ba, a kuɗin kira. A layin masu ɗinki da ke unguwarmu akwai wani dattijo da ya daɗe yana mamakin yadda kuɗin da yake sa wa wayarsa da safe ke raguwa kafin la'asar alhali bai kira kowa ba. Da wani yaro ɗan makaranta ya duba masa, sai ya tarar an yi masa rajistar wani saƙon labarin ƙwallo da ke cin kuɗi kullum, kuma asalin abin wani rubutu ne da ya faɗo a fuskar wayar da Faransanci, shi kuma ya danna maɓallin tsakiya don ya kawar da shi ya ga lambar da yake nema. Dattijon nan bai taɓa zama kallon ƙwallo ba. A takardar kamfanin, ya amince. Idan da ƙaramin kuɗin kira ana iya yi masa haka, me zai hana a yi masa da asusun da yake ajiye kuɗin yadi da zare, musamman idan rubutun ya zo da hoton ɗan takarar da yake so?

Dokokinmu na yanzu ba su hango wannan ba, kuma ba laifinsu ba ne. Dokar jam'iyyun siyasa mai lamba 90/056 ta 19 ga Disamban 1990 an rubuta ta ne a zamanin da kuɗin jam'iyya kati ne ake saya da takardar kuɗi a hannu, kuma hankalinta yana kan inda kuɗin ya fito, shi ya sa ta hana jam'iyya karɓar tallafi daga waje. Kundin zaɓe na 19 ga Afrilun 2012 ya yi bayani kan tallafin da gwamnati ke ba jam'iyyu da 'yan takara. Duka biyun suna kare ƙasa ne daga kuɗin da bai kamata ya shiga siyasa ba. Wanda aka bari a waje shi ne talakan da kuɗinsa halal ne, niyyarsa mai kyau ce, amma aka ɗebi fiye da abin da ya miƙa. Akwai dokar kare masu saye ta 6 ga Mayun 2011, sai dai mai ba da gudummawa bai sayi komai ba, kuma lauyan jam'iyya zai fara da wannan hujjar ranar da aka je kotu.

A wajenmu Musulmi maganar ba baƙuwa ba ce. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 29, ya hana cin dukiyar juna da ɓarna, ya kuma ɗora halaccin ciniki a kan yardar juna, hadisi kuma ya ce dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa. Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar cewa ba a jingina wa wanda ya yi shiru magana. Gaskiya ne mukan ce shiru ma amsa ce, amma wannan yana ga mutumin da aka tambaya ya ji, ya kuma gane abin da aka tambaye shi. Wanda ba a tambaya ba, ko aka tambaya da harshen da ba ya karantawa, shirunsa ba ya ɗauke da komai. Matan unguwa sun fi masu tsara waɗannan shafuka fahimtar wannan a adashensu: kowace ta san zubin nawa ne, ta san ranar zubi, ta san ranar da zagaye zai ƙare, kuma idan ya ƙare sai an sake zama an tambayi wadda za ta ci gaba.

Wannan batu na ƙarewa shi ne na fi so 'yan majalisarmu su tsaya a kai, domin ko dokokin da na ambata na Amurka sun fi mayar da hankali ne kan ranar farko. Babu shakka dole ne dokar ta ce bayarwa sau ɗaya ita ce asali, maimaitawa kuma sai mutum ya zaɓa da kansa a mataki na daban, bayan an nuna masa adadin da yawan cirar da ranar da za a daina. Amma a ƙasa irin tamu yarda tana tsufa da wuri. Manomin da kamfanin auduga na Sodecoton ya biya bayan girbi yana iya amincewa da sefa 2,000 duk wata cikin farin ciki, sannan watan Agusta ya riske shi rumbu ya yi ƙasa, gero ya yi tsada, yaro na kwance da zazzaɓi. Mai albasa da mai kiwo da ɗan acaba duk haka samunsu yake, yau akwai gobe babu. Saboda haka ina ganin kowace yarda ta mutu da kanta, ko dai ranar zaɓen da aka nemi kuɗin dominsa, ko bayan wata shida, wanda duk ya riga zuwa, sai fa idan mai kuɗin ya sabunta. Siyasarmu ma ta isa hujja, tunda mun sha ganin jam'iyyar da aka goya wa baya don tana adawa ta wayi gari cikin ƙawancen gwamnati, da kuma wadda ta yi shekaru a gwamnati ta fice. Bai kamata kuɗin mutum ya ci gaba da bin ɗan siyasa zuwa inda shi mai kuɗin bai bi shi ba.

Kafin kowace cira, a aiko da saƙo kwana biyu ko uku tun da wuri, ɗauke da gajeriyar lamba guda wadda danna ta ya isa ya dakatar da komai, kyauta, ba tare da zuwa ofishi ko kiran wani ba. Saƙon kuma kada ya tsaya ga Faransanci da Ingilishi. Su ne harsunan hukuma, amma a kasuwar Garwa da Ngaundere da Kusiri da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa ake ciniki, kuma kamfanonin da suka iya yi mana tallar garaɓasa da murya cikin waɗannan harsuna ba za su ce sun kasa karanta mana sharaɗi da su ba. Akwai kuma mai rumfar tura kuɗi, wanda tsofaffi da yawa ke miƙa wa wayarsu ya danna musu. Mafi yawansu mutanen kirki ne, amma ranar da wata jam'iyya ta fara biyan lada kan kowane mutum da aka yi wa rajista, za a sami wanda zai danna abin da ba a sa shi ba. Dokar ta hana irin wannan lada gaba ɗaya. Idan kuma aka yi jayayya, jam'iyyar ce za ta kawo shaidar yarda, in ta kasa ta mayar da kuɗin cikin wa'adi gajere. A ƙasashen da ke amfani da yuro, wanda aka cire wa kuɗi kai tsaye yana da mako takwas ya nemi a mayar masa ba tare da ya ba da dalili ba, kuma bankunansu ba su durƙushe ba.

Ba ina adawa da gudummawa mai maimaituwa ba ne. Jam'iyyar da ke rayuwa da ƙananan kuɗin mambobinta dubbai ta fi wadda attajiri ɗaya ke riƙe da wuyanta, kuma a arewacin nan mun san yadda taron siyasa ke zama idan mutum guda ne ya biya motoci da riguna da abinci. Sai dai wannan hanya ba za ta kafu ba idan labarin farko da mutane suka ji game da ita shi ne an yashe asusun wane. Kada kuma a raina tasirin abin da doka ta ɗauka a matsayin asali. A Ingila, dokar 1913 ta bar ƙungiyoyin ƙwadago su cire kuɗin siyasa daga mambobinsu sai wanda ya ce ba ya so. A 1927 aka juya, aka ce sai wanda ya ce yana so, nan da nan adadin 'yan ƙwadagon da ke biya wa jam'iyyar Labour ya faɗi da kusan miliyan ɗaya ko fiye. A 1946 aka mayar da tsohon tsari, a 2016 aka sake juyawa ga sababbin mambobi. Kowace gwamnati ta juya abin ne zuwa inda zai amfane ta, kuma wannan ya isa ya nuna mana cewa lokacin yin dokar da gaskiya shi ne lokacin da ba a san wa za ta cutar ba. Darasin Ingila ya kuma shafi ma'aikacin gwamnati ko na kamfani a nan, wanda idan shugabansa ne ya miƙo masa takarda, sa hannunsa ba ya nuna daɗin rai. Cirar gudummawar siyasa daga albashi tun kafin ya shiga hannun mai shi, ni dai ina ganin a hana ta.

Tsorona ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: kada dokar da aka yi don kare mai bayarwa ta zama igiyar shaƙe 'yan adawa. A watan Afrilun 2020, lokacin da jagoran adawa Maurice Kamto ya ƙaddamar da gidauniyar tara kuɗi don yaƙi da cutar korona, ministan harkokin cikin gida Paul Atanga Nji ya ce tarin ya saɓa wa dokar 21 ga Yulin 1983 kan neman taimakon jama'a, ya kuma nemi a rufe asusun da aka buɗe a banki da kamfanonin waya. Ba wannan wasiƙa ce za ta raba gardamar ba, amma ta nuna cewa duk dokar da ta ba wani minista ikon cewa a tara ko kada a tara, rabin 'yan ƙasa za su ɗauke ta makami. Don haka kada sabuwar dokar ta ƙunshi neman izini daga kowa. Aikinta ya tsaya tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, hukuncinta ya zama mayar da kuɗi da tara, kotu ce kuma za ta yanke. Haka nan jerin sunayen masu biya duk wata jerin magoya baya ne da lambobin wayarsu, kuma a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, fitar wannan jeri na iya raba mutum da rumfarsa a kasuwa. Dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Disamban 2024 ta ba da tushe, amma ya kamata a ambaci wannan jeri da sunansa, a kuma faɗi hukuncin wanda ya miƙa shi ba da umarnin alƙali ba.

Akwai ma hanyar da ta fi majalisa sauri. Harkar biyan kuɗi ta waya a ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arziƙin tsakiyar Afirka da Kamaru ke ciki, tana ƙarƙashin babban bankin yankin, BEAC, da hukumar sa ido kan bankuna, COBAC, ne, waɗanda suka fitar da ƙa'idar hidimomin biyan kuɗi a watan Disamban 2018, da ta kare masu hulɗa da bankuna a watan Yulin 2020. Idan aka ƙara sharaɗin cewa babu cira mai maimaituwa sai da sabuwar lambar sirri a mataki na daban, da sanarwa kafin cira, da wa'adin ƙarewa, sharaɗin zai hau kan kamfanin da ke riƙe da asusun, ya shafi kowace jam'iyya daidai wa daida, ya kuma tsallaka gadar Ngeli da ta haɗa Kusiri da ƙasar Chadi ya kare 'yan'uwanmu na Njamena da ke amfani da Airtel Money da Moov Money. Majalisa kuma sai ta cika abin da ya rage na hukunci da sirrin sunaye da albashin ma'aikata.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne wakilanka su kai wannan tambaya ga 'yan majalisar da ke wakiltar jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, na jam'iyya mai mulki da na adawa, a ji ko akwai wanda zai ɗauki nauyin gabatar da ƙudurin a zaman majalisa na gaba, a kuma buga mana amsar kowannensu da sunansa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Garwa, Jamhuriyar Kamaru.